BAKWAINI: SATI NAWA YA YI A CIKI?

Jawabin da malamin lakwal ya yi a taron ƙungiya. Mun buga shi don ƴan'uwa da ba su samu zuwa ba.



Maigari, liman, dattawa iyayenmu, shugaban ƙungiya da mutanen biro, iyayenmu mata da ke zaune can gehen rumfa, ƴan'uwa da kunka zo daga Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, da ku da kunka baro Kano, Legas, Abijan ko Aljeriya don wanga taro, ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa.

Biro ya ce in yi magana bisa ɗiyan da ake haihuwa kahin lokacinsu, waɗanda muke ce ma bakwaini. Na san wani zai ce a ransa: ina ruwan maza da zancen ɗakin jego? To, ruwanmu ne ƙwarai. In za a ɗauki mota namiji ke biya, in mace za ta hita namiji ake tambaya, in namijin yana can ƙasar waje uwatai ko ubanai ake jira. Sau da dama ran jinjiri yana rataye ga bakin mutumin da ko ɗakin bai shiga ba. Don haka iyayenmu ku gafarce ni in na faɗi kalmar da ba a saba faɗi gaban manya ba. Ƙidayar da zan kawo ta likitoci ce, kowace zan faɗi ƙasar da anka yi ta da shekarar.

Mu fara da ƙidaya, don nan ruɗani yake. Mu da wata muke ƙidayar ciki, likita kuwa da sati. Yana farawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe da mace ta gani, ya ƙidaya sati 40, kwana 280 kenan. Ɗan da ya cika sati 37 ya isa. Wanda ya hito kahin haka, shi ne bakwaini wajen likita, ko da mu a gida mun ce ai wata takwas ne, ko ma ya shiga na tara. Hukumar Lahiya ta Duniya, OMS, ta kasa su uku: na ƙasa da sati 28, na sati 28 zuwa 32, da na sati 32 zuwa 37. A shekarar 2020 an haihi irin waɗanga ɗiya kamar miliyan 13 da dubu 400 a duniya, ɗa guda cikin 10 kenan. A 2019 kamar dubu 900 sunka rasu saboda wannan. Cikin abubuwan da ke kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5 a duniya, shi ne na farko.

Yanzu bari in rubuta muku kamar a allo. A shekarar 2011, a Faransa, likitoci sun bi ɗiyan da anka haifa kahin lokaci a kusan duk faɗin ƙasar, don su ga nawa ne za su koma gida da rai. Ga abin da sunka samu, cikin kowane 100 da anka haifa da rai:

ƙasa da sati 24: ko guda bai cika ba
sati 24: 31
sati 25: 59
sati 26: 75
sati 27 zuwa 31: 94
sati 32 zuwa 34: 99

Ku dubi tsakanin sati 24 da 25. Kwana bakwai kaɗai, daga kasuwa zuwa kasuwa, amma masu rayuwa sun kusa ninkawa. A Amurka, a manyan asibitocin da anka bincika daga 2013 zuwa 2018, na sati 22 guda 11 ne cikin 100 sunka rayu, na sati 28 kuwa 94. Samarinmu masu salula wataƙila sun ga labarin yaron da anka haifa can a 2020 yana da sati 21 da kwana guda, nauyinsa giram 420, ya rayu. Gaskiya ne, amma da abu ne na kullum da ba a buga shi a jarida ba.

Wannan allo ya isa ya warware muna wata magana da dukanmu munka tashi muna ji: wai ɗan wata bakwai yana rayuwa, ɗan wata takwas kuwa ba ya yi. Ba mu kaɗai ke faɗin ta ba. Tana cikin littattahan likitocin Girka na sama da shekara 2000 da sunka wuce, Larabawa sun faɗe ta, Turawa sun faɗe ta. Tsohuwar magana ce, amma ba ta tabbata ba. Duk inda anka ƙidaya, ɗan wata takwas ya hi ɗan wata bakwai damar rayuwa, nesa ba kusa ba. Kuma maganar ba ta tsaya ga hira kaɗai ba, tana da ɓarna. In tsohuwa ta ɗauka ɗan takwas ba mai zama ba ne, sai a aje shi gehen gado a lulluɓe da tsumma, a koma kan uwar, ana jiran abin da anka riga anka yanke. Da sahe in ya cika, sai a ce ai dama an faɗa.

To me ya sa kowa ya san bakwaini da ya girma ya yi jikoki? Ga lissahi, ku bi ni. Watan sama kwana 29 da rabi ne. Mace guda tana ƙidaya daga al'adarta ta ƙarshe, ta ga wata shida sun wuce, ta ce tana cikin na bakwai. Kwana 177 kenan, sati 25. Wata macen ba ta fara ƙidaya ba sai da ta yi ɓatan wata, kuma ba ta ce bakwai ba sai da bakwai ɗin sunka cika. Nata kwana 234 ne, sati 33. Duka biyun sun haihu an ce bakwaini, alhali wata biyu ne cur tsakaninsu. Na farko a Faransa ma da ƙyar, na biyu kuwa a ɗakin ƙasa ma yana iya zama. Akwai kuma ɗan da ya cika watanninsa amma ya hito ƙanƙane, don uwar ta sha masassara ko yunwa. Ido ya gan shi ƙarami ya ce bakwaini ne, nan kuwa huhunsa ya nuna. Waɗanga su ne bakwainin da muke gani suna noma.

Tun da liman yana nan, bari in ɗan ratse. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da cewa ƙaramin lokacin ciki wata shida ne. Sun hidda shi daga ayoyin Alƙur'ani: ciki da shayarwa wata 30, shayarwa shekara biyu, a ɗebe 24 cikin 30 saura 6. In anka mai da shi ƙidayar likita, wajen sati 27 ne. Na kawo wannan don amaryar da ta haihu wata bakwai bayan ɗaurin aure, a dinga ƙus-ƙus bakin rijiya, har kunya ta hana a kai jinjirin gidan likita. Shari'a ta ba mijin ɗansa, likita ma ya yarda da haka. Mai tsegumi ya kama bakinsa.

Me ke faruwa cikin satittikan nan na ƙarshe da har kowane guda yake da daraja haka? Tukunya ce ba ta gama gasuwa ba anka hiddo ta daga wuta. Siffa ta cika, ga hannu ga ƙafa ga farce, amma ciki da saura. Babban abu huhu ne. Cikin huhu akwai ƴan jakunkuna ƙanana da iska ke shiga. Ku ɗauki leda jiƙaƙƙa, kun ga yadda take mannewa sai an sha wuya a buɗe ta. Haka jakunkunan suke in babu wani ruwa mai santsi da jiki ke yi, wanda likita ke ce ma surfaktan. Ba ya wadata sai wajen sati 34 ko 35. Wanda ya hito da nisa kahin haka, kowane numfashi kokawa ne, ƙirji na lotsawa, yana nishi, har ya gaji. Wani ma ƙwaƙwalwarsa ce ke mance ta ce mishi ya yi numfashi, sai ya tsaya cak. Tsotso da haɗiya da numfashi su tahi tare ba tare da ya shaƙe ba, shi ma sai wajen sati 34. Kitsen da ke riƙe ɗumi a watannin ƙarshe yake taruwa, kuma a nan ne uwa ke zuba mishi yawancin garkuwar jikinta. Ga nauyi don ku gani da ido: ɗan sati 24 kamar giram 600, ɗan sati 28 kamar kilo guda, kwalin sukari kenan, ɗan sati 32 bai cika kilo biyu ba. Duk jinjirin da bai kai kilo biyu da rabi ba, wajen tiya guda ta hatsi, likita yana ɗaukar shi mai bukatar kulawa ta daban.

Sai dai kada allon Faransa ya ruɗe mu. Can akwai injin numfashi, akwai surfaktan na kwalba da ake ɗura ma huhu, wuta ba ta ɗaukewa, ma'aikaciya guda na tsaye kan jinjiri biyu ko uku dare da rana. OMS ta ce a ƙasashe matalauta, na ƙasa da sati 28 sama da 90 cikin 100 suna rasuwa cikin kwanakin farko, a ƙasashe masu arziki kuwa ba su kai 10 ba. Wannan mai ɗaci ne, amma gara mu ji shi. In irin haka ya faɗa ma gida, kada a ɗora ma uwa laihi, kada a ce sakacinta ne ko bakin kishiya. Abin da ya hi wannan ciwo a wajena shi ne na biyu: na sati 32 zuwa ƙasa, rabi ke rasuwa a irin ƙasashenmu, alhali can kusan duka suna rayuwa. Kuma OMS ta ce abin da ke kashe su rashin ɗumi ne, da rashin taimako wajen shan nono, da rashin maganin ƙwayar cuta da ɗan taimakon numfashi.

Ga kuma ƙidayar da nake so kowa ya koma gida da ita. Cikin bakwaini 100, kamar 15 kaɗai ne ke hitowa kahin sati 32. Sauran 85 ɗin duk sun wuce nan. Ashe yawancin waɗanda ake haifa muna a ƙauye suna cikin sahun da ba ya bukatar injin miliyoyi. Masana sun ce kashi uku cikin huɗu na mace-macen nan ana iya hana su da abubuwa masu arha da anka riga anka sani.

Na farkonsu ɗumi. Za ku ce a ƙasar da rana ke dafa ƙwai wane sanyi kuma? Jinjiri ya hito daga wuri mai zahin digiri 37, jiƙe sharkaf, babu kitse, kansa babba. Ɗakin da ni da kai muke zufa a ciki, shi sanyi yake ji, balle daren hunturu. In jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 36 da rabi sai ya fara ƙona ɗan abincin da ke jikinsa don ya ɗumama, ya yi laushi, ya bar tsotso, daga nan sai abin da Allah ya yi. Mu kuwa abin da muke fara yi mishi wanka ne, a cuɗe shi da soso da sabulu wai kada ya tashi da wari. Iyayenmu mata, ina roƙon ku, ku ɗaga wankan nan. Ko cikakken ɗa an ce a jira awa 24, bakwaini kuwa ya hi haka. A tsane shi da ƙyalle mai tsabta, a sa mishi hula. Farin maiƙon da ke jikinsa ba ƙazanta ba ne, kariyar fata ne. Wari bai taɓa kashe kowa ba.

A birnin Paris, wajen 1880, wani likita mai suna Tarnier ya ga akwatin da ake ƙyanƙyasar ƙwan kaji da shi, ya sa anka ƙera irinsa don jinjirai. Shi ne asalin akwatin gilashin da muke ce ma kubez, mutanen Najeriya kuma suna ce mishi kwalba. A asibitinsa mutuwar jinjiran da ba su kai kilo biyu ba ta sauka daga 66 zuwa 38 cikin 100, ba da wani magani ba, da ɗumi kaɗai. To amma kubez tsada gare ta, kuma in wuta ta ɗauke ta zama akwatin banza. A 1978, a wani babban gidan haihuwa na Bogota, ƙasar Kolombiya, jinjirai sunka yi yawa har ana haɗa biyu ko uku a kubez guda suna ɗaukar cutar juna. Likita Edgar Rey ya ce a ɗaura kowane a ƙirjin uwarsa, fata da fata. Anka sa ma dabarar sunan kanguru, wata dabba ta Ostiraliya da ke reno cikin jakar cikinta. Da anka tara binciken shekaru anka ga tana rage mutuwar ƙananan jinjirai da kamar kashi 40 cikin 100. Da farko sai jinjiri ya ɗan murmure ake farawa. A 2021 anka hiddo sakamakon wani gwaji da anka yi a asibitocin Gana, Indiya, Malawi, Najeriya da Tanzaniya, kan jinjirai masu kilo guda zuwa giram 1800. Waɗanda anka jira sai sun murmure, 157 cikin 1000 sunka rasu cikin kwana 28. Waɗanda anka ɗora a ƙirji tun daga haihuwa, 120. Shi ya sa a 2022 OMS ta ce a fara nan take, a yi awa 8 zuwa 24 kowace rana.

Mu da goyo ya zama muna jiki, wannan ba baƙon abu ba ne, goyo ne anka mai da gaba. Jinjiri tsirara, sai hula da ɗan ƙyallen kashi da safa in akwai, a tsaye tsakanin nonon uwa, kai a juye gehe guda don hanci ya samu iska, ƙafahu a buɗe kamar na kwaɗo, a ɗaure da zane, uwa ta sa riga bisa. In za ta kwana ta jingina da matasai, kada ta miƙe sarai. In ta gaji ko za ta kewaya, kaka ta karɓa, ko ƙanwa, ko abokiyar zama, ko uban da kansa. Na ga samari na dariya. Ƙirjin namiji ma digiri 37 ne. Haka za a yi ta yi har ya kai wajen kilo biyu da rabi, ko ya fara tuttura yana ƙin zama. Sai a yi hattara da garwashin da ake sawa ƙarƙashin gadon maijego a ruhe ƙofa: hayaƙin gawayi yana kashe babba ma.

Sai nono. Dakashin farko da ake tatsewa a zubar wai ba shi da kyau, shi ne rigakahin farko, kuma bakwaini ya hi kowa bukatarsa. In bai iya tsotso ba, uwa ta wanke hannu ta tatsa a ƙaramin kwaf da anka tafasa, a kai bakin kwaf ɗin ga leɓensa ya lasa da kansa, kada a ɗura. Kowace awa biyu ko uku, dare da rana, ko barci yake a tashe shi, don shi ba ya da ƙarhin kukan yunwa. Wanda ko lasa bai iya ba sai gidan likita, a sa mishi ƴar roba ta hanci. Ban da ruwa, ban da bauri, ban da zuma, ban da nonon akuya. Hanjinsa kamar takardar sigari yake. Kiran salla a kunne da addu'a kuwa ana yin su yana kwance a ƙirjin uwarsa, babu abin da ya hana.

Da izinin wanzamanmu zan faɗi wata magana. Jinjiri mai kilo guda da rabi, jinin jikinsa duka kamar santilita 13 ko 14 ne, bai kai rabin ƙaramar kwalbar lemu ba. Cire beli ko tsaga da zai zubar da cokali biyu ko uku, a wajensa babbar hasara ce, ga ƙofar da aska ke buɗe ma cuta. Cibiya ma kada a sa mata toka, ko man shanu, ko kashin dabba. Ran suna a yanka rago, a raɗa suna, a ci tuwo, amma a bar yaro inda yake. Ba sai ya zagaya hannu arba'in ba.

Duk wannan bayan ya hito ne. Amma tun da mun ga kowane sati yana da daraja, aikin da ya hi riba shi ne na kahin ya hito. A 1972 likitoci biyu a ƙasar Niyu Zilan, Liggins da Howie, sunka nuna cewa in anka yi ma uwa wata allura kahin haihuwa, huhun ɗan yana saurin nuna. An sake gwada ta a asibitocin Bangladash, Indiya, Kenya, Najeriya da Pakistan, sakamako ya hito a 2020: mutuwar jinjirai ta sauka daga 235 zuwa 196 cikin 1000. Sunan maganin deksametazon, wanda wasu mata ke haɗiyar ƙwayarsa don ƙiba suna cutar kansu. Kada wani ya ji wannan ya sayo wajen mai tebur. Ana yin ta tsakanin sati 24 da 34, a asibitin da zai iya kula da uwa da ɗa, kuma sai an san satin cikin sosai, don an ga inda anka yi ta bisa ƙiyasi ta ƙara ɓarna. Allura huɗu ce cikin kwana biyu, tana son lokaci ta yi aiki. Mace da anka kai ana ganin kan ɗa, ta makara.

Kun ga amfanin sanin sati. Mace da ta ga ɓatan wata, a rubuta ranar al'adarta ta ƙarshe, ko da ranar kasuwa ce ko ta watan Musulunci, a bangon ɗaki ko a bayan karne. Kowane gida yanzu akwai ɗan lakwal da zai rubuta, kuma ungozomar likita ta iya juya shi zuwa sati. Ta tahi awo tun da wuri, ba sai ciki ya tsufa ba. In da hali a yi hoton ciki, eko, kahin sati 24, don lokacin ne yake faɗin satin daidai. Wajen awo ne ake ba da ƙwayar rigakahin masassarar sauro tun daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, wata guda tsakani, da ƙwayar ƙarin jini, da sange. Can ake gane hawan jini kahin ya zama jijjiga, a gane ciwon hitsari, a gane tagwaye, waɗanda kusan rabinsu kahin lokaci suke zuwa. Duk waɗanga suna cikin abubuwan da ke hiddo ɗa da wuri. Haka kwanika, haka cikin yarinyar da ita kanta ba ta gama girma ba. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 a Nijar an aurar da su kahin shekara 18. Wannan zance ne na wani taron, amma dattawa sun ji ni.

In ciki bai kai ba, sai ga ciwon mara ko na baya yana zuwa yana dawowa, ko faya ta fashe, ko jini, ko zazzaɓi, ko ciwon kai da kumburin huska, to ba a jiran gari ya waye. A nan al'adarmu ta kunyar haihuwar fari tana cutar mu: yarinya na naƙuda tana ɓoyewa don kada a ce ba ta da dauriya. Uwar miji ce za ta sa ido. A tahi CSI, su kuma in ya hi ƙarhinsu su tura gaba, asibitin gunduma ko cibiyar uwa da ɗa ta Maraɗi, Damagaram ko Tawa, na Yamai kuma matarnite Issaka Gazobi. Ɗauko ɗa yana cikin uwarsa ya hi ɗauko shi a tsumma sau goma. In kuwa ya riga ya hito a gida, duk ƙanƙantarsa a kai shi ran nan a auna, a ƙirjin uwa ko na wata, ba a hannu ba iska na dukansa bisa moto. Bayan an dawo gida, in ya bar shan nono, ko jiki ya yi sanyi ko zahi, ko numfashi ya yi sauri ko yana tsayawa, ko ya yi ɗorawa har tahin hannu, ko ya yi zabura, a koma nan take.

Wanda ya rayu fa, yaya zai zama? Yaran nan na Faransa an sake duba su suna da shekara 5 da rabi. Masu matsala babba ko matsakaiciya, ta tahiya ko gani ko ji ko fahimta, 28 ne cikin 100 ga na sati 24 zuwa 26, 19 ga na sati 27 zuwa 31, 12 ga na sati 32 zuwa 34. Ku juya lissahin: ko cikin ƙananan ƙwarai, bakwai cikin goma ba su da irin wagga matsala. Sai dai a yi mishi adalci wajen ƙidaya. Wanda ya zo da saura wata biyu, in ya yi wata shida a duniya, a ɗauke shi ɗan wata huɗu wajen zama da rarrahe, har ya shekara biyu. Rigakahi kuwa ba a jinkirta mishi sai in likita ya ce. Ran da za ku kawo shi lakwal ku faɗa ma malam bakwaini ne, mu sa shi bencin gaba, mu lura ko yana ganin allo, ko yana jin magana. Yaro da dama an ce mishi daƙiƙi alhali kunne ne ko ido.

Saura abin da ya shahi ƙungiya. A 2005 da 2006 gwamnati ta yi dokar ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa, da na awon ciki, da na maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, amma doka ba ta zuba mai a mota, ba ta ciyar da mai jinya. Bakwaini yana iya yin sati uku ko huɗu a asibiti, uwar na tare da shi, an bar yara a gida, wataƙila ga damana. Yawancin waɗanda ke gudowa da jinjiri kahin a sallame su, abinci ne ya ƙare musu. Ina ba biro shawara a keɓe wani kaso na asusu don wannan kaɗai, kuɗin yana nan gari hannun mutum biyu da za a iya tashi da tsakar dare, a bayar bashi ba tare da dogon zance ba, a biya bayan kaka ko in saƙo ya zo. Ƴan'uwanmu mazauna Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai su hidda gida guda a kowane gari da zai riƙa kai kwano asibiti. A yi magana da masu mota su ba da lambarsu, a tsai da kuɗi tun yanzu, don cinikin dare tsada gare shi.

Ku kuma masu tahiya bida, kahin ku ɗauki jaka, in kun bar mace da ciki, ku faɗa gaban uwayenku da shaidu cewa kun ba ta izinin zuwa awo da zuwa likita duk lokacin da ta ji ba daidai ba, ba sai an kira ku ba. Salula tana mutuwa, layi yana yankewa, mai aiki a ramin zinariya ko gonar Aljeriya yana iya kwana uku ba a same shi ba. Maigari da liman, in kun yarda, a rubuta wannan cikin takardar taron yau.

Shugaba, ga magana ta nan, na mai da ita hannunka. In akwai tambaya, musamman daga wajen iyayenmu mata, ina nan har a tashi.